Sara: me ya sa sanin ma'anarta kaɗai ba ya isa?

Duk kalmomin da ke cikin "an wanke shi" Hausa ce tsantsa, babu baƙuwa ko ɗaya. Amma wanda ya koyi harshen a aji kawai zai ɗauka maganar ruwa da sabulu ake yi, alhali abin da mai maganar ke nufi shi ne an damfari mutumin, an raba shi da abin hannunsa tas. Haka "ya warke" a bakin samari ba ruwanta da asibiti, kuɗi ne suka zauna masa. "Mu ware" kuwa ba rarraba kaya ba ne, tashi ne a kama hanya. Irin wannan magana ita ake kira sara, kuma da wuya ka sami harshe mai rai, mai birane da matasa, da ba shi da irin tasa.

Mutane da dama suna ɗauka fahimtar sara ba ta wuce haddace jeri ba: kaza na nufin kaza, shi ke nan. A ganina wannan rabin aikin ne, kuma rabin da ya fi sauƙi. Kowace sara saƙo biyu take ɗauke da shi. Na farko shi ne abin da take nufi. Na biyu shi ne abin da take faɗa a kan mai faɗinta da wanda ake faɗa wa: su wane ne su, mene ne tsakaninsu, a wane zamani suka taso, kuma da wane ido suke kallon abin da suke magana a kai. Wanda ya ce "an damfare shi" labari ya bayar. Wanda ya ce "an wanke shi" ya ba da labarin, ya kuma nuna cewa shi idonsa a buɗe yake, ya san yadda ake irin wannan wasa, har da ɗan shaguɓen cewa wanda aka cuta ɗin ma da sakacinsa. Saboda wannan saƙo na biyu ake ƙirƙirar sara tun farko. In don ma'ana ce kawai, ai kalmar "damfara" tana nan da ranta.

Kafin a yi nisa, ya kamata a raba ta da 'yan'uwanta, don ana yawan cakuɗa su. Karin magana gado ce, tsoho da yaro kowa na da rabo a ciki, kuma tsufa ƙara mata daraja yake yi. Sara kuwa tsufan ne ke kashe ta. Karin harshe na yanki ne, mutum tashi ya yi ya tarar ana yin sa, bai zaɓa ba. Ita sara zaɓa ake yi: mai yin ta ya san ɗaya kalmar sarai, ya ajiye ta gefe da gangan. Kalmomin sana'a, irin na makanike ko likita ko tela, an yi su ne don a kira abu daidai ba tare da dogon bayani ba. Ashar da batsa kuma wani fage ne daban, ko da yake wani ɓangare na sara yakan leƙa can.

A 1978 wasu masana harshe biyu a Amurka, Bethany Dumas da Jonathan Lighter, sun kawo ma'auni huɗu, suka ce kalmar da ta cika aƙalla biyu daga ciki za a iya kiranta sara. Tana rage wa magana kwarjini idan aka jefa ta cikin jawabi ko rubutu mai nauyi. Faɗinta na nuna mai maganar ya saba da abin, ko da mutanen da ke yawan furta ta. Ba a yin ta a gaban wanda ya fi ka matsayi. Sannan ana kawo ta ne a madadin wata sananniyar kalma da kowa ya sani. Abin da ya fi jan hankalina shi ne babu ko ɗaya cikin huɗun da ya dubi siffar kalmar kanta. Dukkansu mutane suke kallo, da wurin da ake maganar.

To ta yaya ake gina ta? Galibi ba sabuwar kalma ake ƙerawa ba, tsohuwa ake ɗauka a ɗora mata sabon kaya. "Ya ɗau wanka" na nufin ya sa tufafi masu kyau ya fito fes. Da yake wanka ke zuwa kafin ado, sai kalmar ta haɗiye adon gaba ɗaya. "Ya haɗu" na nufin abu ya cika, ba inda za ka ce da an ƙara. "Ya saki layi" mutum ne da maganarsa ta kauce daga hankali. "Ya faso gari" wanda aka sani a cikin babu ne, yau ga shi da abin hannu. Kayan zamani ma suna ba da nasu kason, shi ya sa tun zuwan wayar hannu ake jin "kansa ya ɗau caji" ga wanda lamari ya rikita, ko a ce "netwok ɗinsa ya ɗauke" ga wanda ake yi wa magana hankalinsa na wani wuri.

Akwai kuma juya ma'ana, wanda shi ne ya fi rikita baƙo. Kalmar tsoro ko ta aibu sai ta koma yabo. "Mugun kyau", "bala'in iya magana", "ƙwaro ne a lissafi", "mayen ƙwallo ne". Ba Hausa kaɗai ke yin haka ba. Matasan masu jin Turanci sun yi hakan da kalmomin wicked da sick, wato mugu da marar lafiya, Faransawa kuma da terrible, wato abin tsoro. Dalilin a fili yake: kalmomin yabo saurin sanyi suke yi saboda yawan faɗa. In ka ce abu "yana da kyau ƙwarai" ba wanda zai ɗago kai. Kalmar bala'i kuwa har yanzu da sauran zafinta, sai a ari zafin a bar ma'anar.

Aro daga wani harshe shi ma babbar ƙofa ce. Daga guy ta Turanci aka sami gaye, aka sami ɗan gaye, har gayu ya zama sunan iya ado shi kansa, ma'anar da ba ta cikin kalmar a gidan da aka aro ta. Kala ta shigo da ma'anar launi, ta fita da "ba da kala". A biranen da harsuna suka yi cunkoso abin yakan wuce 'yan kalmomi, ya kusa zama harshe mai zaman kansa. Sheng na matasan Nairobi an gina shi ne a kan nahawun Suwahili, aka zuba masa kalmomin Turanci da Kikuyu da Luo. Nushi na Abidjan Faransanci ne da aka gauraya da Jula da Baule da sauransu. Dukansu a unguwannin talakawa suka fara, yau kuma ana jin su a waƙa da talla da bakin 'yan siyasa masu neman ƙuri'ar matasa. Wani lokaci kuma amon kalma kawai ake bi. "Wuf" a da sautin tashi ko cafke abu cikin hanzari ne, sai ga shi a shafukan sada zumunta "ya yi wuf da ita" ya zama ya aure ta kafin wani ya riga shi.

Ga wani abu da masu cewa sara ɓata harshe ce ba su cika lura da shi ba. Duk sarar da ta shigo, dole ta rusuna wa nahawun harshen. Daga "ya haɗu" aka fitar da haɗaɗɗe, haɗaɗɗiya, haɗaɗɗu, daidai yadda ake cewa gyararre, gyararriya, gyararru. "Kwafsa" tana karɓar duk abin da aikatau ke karɓa: ya kwafsa, kada ka kwafsa, kwafsawa ce. Yaron da ke wannan bai san sunan ƙa'idar ba, amma bai taɓa karya ta ba. Sai wanda harshe ya zauna a bakinsa daram yake iya wasa da shi.

A dubi ɗalibai biyu da suka fito daga ɗakin jarrabawa.

"Baba, ya ta kasance?"

"Kai mutumina, na kwafsa a ta biyu. Malamin nan ƙwaro ne, bai bar mana ƙofa ba."

"Ni dai ina ga na haye. Zo mu ware."

Suna cikin tafiya sai wayar na biyun ta yi ƙara, mahaifinsa ne. Nan take ya rage sauri, ya sassauta murya. "Salamu alaikum Baba, barka da yamma. Eh, mun fito. Alhamdu lillahi, sai dai tambaya ta biyu ta ba ni wahala, ban amsa ta yadda ya kamata ba. A taya mu da addu'a."

Labari ɗaya ya bayar sau biyu a cikin minti guda, bai yi wa kowa ƙarya ba. Kalmar "baba" ma ta fito sau biyu, ta farko tsakanin tsara, ta biyu ga mahaifi, kuma babu mai jin Hausa da zai rikita su. Da ya ce wa mahaifinsa "na kwafsa", uban zai fahimta sarai, amma zai ji an ja shi ƙasa zuwa sahun abokai. Da kuma ya amsa wa abokinsa da irin Hausar da ya yi wa mahaifin, abokin zai tsaya ya tambaye shi ko lafiya, ko wani abu ya shiga tsakaninsu. Wato rashin yin sara a inda ake tsammaninta shi ma magana ce, kuma maganar ita ce "na ja baya da kai". Wannan sauyin da yaron ya yi ba tare da tunani ba shi ne ainihin gwanintar, ya fi sanin kalmomin wuya nesa ba kusa ba.

Wani aikin sara shi ne ɓoyewa. Zaurance misali ne da kowa ya sani, inda ake cusa wata gaɓa a tsakanin gaɓoɓin kalma ko a juya su, gida ta koma dagi, don na kusa ya ji bai gane ba. Faransawa suna da irinsa, sunansa verlan, wanda shi kansa sunan juyin kalmar l'envers ne, wato baibai. Da shi femme, mace, ta zama meuf, arabe kuma ta zama beur. Da beur ta yaɗu har ta shiga jaridu a shekarun 1980, sai matasan suka sake juya ta, ta koma rebeu. Wannan ya nuna yadda lamarin yake: da zarar na waje ya gane, kalmar ta daina aikin da aka yi ta dominsa.

Masanin harshe Michael Halliday ya yi nazarin wannan a 1976, inda ya dubi maganar ɓarayi da mabarata a Ingila ta ƙarni na 16, da ta 'yan daba a birnin Kalkata na Indiya, da ta fursunoni a Folan. Ya lura cewa irin waɗannan rukunoni ba kowane abu suke sake wa suna ba, sai abin da rayuwarsu ta rataya a kai, shi kuma sai su yi masa sunaye barkatai. A maganar 'yan dabar Kalkata an ƙirga kalmomi 41 na ɗan sanda, 21 na bam. Ko a sarar yau da kullum haka abin yake. Duba inda kalmomi suka fi taruwa a kowane harshe: kuɗi, maye, soyayya, ado, wauta, gudu, duka, mutuwa. Gudu kaɗai a Hausa akwai ya fece, ya arce, ya ware, ya cika wandonsa da iska. Sara ba ta damu da sunan tebur ko taga ba. Inda tsoro ko sha'awa ko kunya suke, nan take yin sansani.

Zamanin intanet ya ƙaro wani sabon mai sauraro da ake ɓoye wa magana, wato na'ura. Da yake manhajoji irin su TikTok suna rage yaɗuwar bidiyon da aka ambaci wasu kalmomi a ciki, ko kuma masu amfani da su sun yi imanin haka, sai masu jin Turanci suka ƙirƙiro unalive a madadin kisa ko mutuwa. Kalmar ta fito daga waya ta shiga bakin yara. Intanet ya kuma gajarta rayuwar sara. Abin da a da zai shekara yana tafiya daga unguwa zuwa unguwa, yanzu a mako guda ya game duniya, kafin wata ya zagayo an gaji da shi. Kalmar rizz, wato iya jan hankalin wanda ake so, daga masu shirye-shiryen kai-tsaye a intanet ta fito, kuma a 2023 masu ƙamus na Oxford suka zaɓe ta kalmar shekara.

Mafi yawan sara mutuwa take yi da ƙuruciya, shi ya sa ake iya gane shekarun mutum daga wadda ta maƙale a bakinsa. Amma akwai masu tsallakewa, kuma idan sun tsallake ba mai sake tuna asalinsu. A 1710 marubuci Jonathan Swift ya koka a kan yadda ake gutsure kalmomi a Turanci, ya kawo mob, wato gungun masu tarzoma, a matsayin misali, wadda aka yanko daga Latin mobile vulgus. Yau mob kalma ce ta kotu da jarida. OK ta fara bayyana ne a wata jaridar Boston a watan Maris na 1839, a matsayin wasan gajarta "all correct" da aka rubuta ba daidai ba da gangan, wato "oll korrect". Yaƙin neman zaɓen shugaban Amurka Martin Van Buren na 1840 ya ƙara mata ƙarfi, yau kuwa da wuya a sami ƙasar da ba a jin ta. Kalmar kai a Faransanci, tête, daga testa ta Latin ta fito, wadda asalinta tukunyar ƙasa ce. Talakawan da ke jin Latin ne suka riƙa kiran kai da tukunya har sunan ya bi shi.

A Hausa ma ga tazarce. Taken siyasa ce da ta yi tashe lokacin da ake kiran Janar Sani Abacha ya zarce da mulki, kafin rasuwarsa a 1998. Ta ƙetara iyaka, aka yi amfani da ita a Nijar a 2009 lokacin da Shugaba Mamadou Tandja ya nemi ƙarin wa'adi. Yanzu mai karanta labarai zai ce shugaban wata ƙasa mai nisa yana neman tazarce, ba wanda zai ji wani baƙon abu. Ta tsira ne saboda ta toshe wani gurbi: babu wata kalma guda da ke faɗin wannan ma'ana kafin ita. Sarar da ta zo ta tarar da kalma a wurin, ado kawai ta ƙara, ita ce ke saurin tafiya.

Ban yarda cewa sara na kashe harshe ba, amma ba kuma zan ce ba ta da illa ba. Illarta tana cikin wancan saƙo na biyu. Tana iya sanyaya abin da bai kamata ya yi sanyi ba. "Ya caku" ta fi "ƙwaya ta gusar masa da hankali" daɗin ji, kuma yaron da ya saba jin ta cikin raha zai daɗe bai ga abin tsoro a lamarin ba. "Wanki" na sa zamba ta yi kama da wayo. Da yawa daga sunayen da samari ke laƙaba wa mata a harsuna daban-daban suna mayar da mace abin ci ko abin hawa, kuma mai faɗa yakan ce ai wasa ne. Kalmomin mutuwa sun fi nuna wannan ƙarara. "Ya rasu", "ya riga mu gidan gaskiya", "ya mutu", "ya sheƙa barzahu": labarin ɗaya ne, amma ta ƙarshen hukunci ce a kan mamacin, tana cewa ba a yi asara ba. Wanda ya furta ta a gaban ɗan mamacin ya yi masa raunin da ba a mantawa, ko da bai yi niyya ba.

Abin da ke damuna game da matasa ba yawan sararsu ba ne. Damuwata ita ce wanda ba shi da wata murya sai ita, wanda idan aka ce ya rubuta takardar neman aiki, ko ya yi wa maƙwabci ta'aziyya, ko ya yi wa likita bayanin abin da ke damunsa, sai ya rasa kalmomin. Wannan ba laifin sara ba ne, giɓi ne a karatu da zama da manya. Hana shi sara ba zai cike giɓin ba, sai dai a ƙara masa ɗaya Hausar. Manya kuma da ke aron sarar yara don a ce suna tafiya da zamani, sau da yawa sukan ɗauko ta ne bayan masu ita sun yar, kuma yaran suna ji a take.

Akwai wuraren da kuskuren fahimtar sara ke da tsada sosai. Kotuna a Amurka sun sha duba shafin Urban Dictionary, ƙamus na sarar Turanci a intanet wanda aka kafa a 1999, don gane abin da wanda ake tuhuma ke nufi a saƙon waya ko a wata magana da ya yi. Matsalar ita ce kowa na iya rubuta ma'ana a shafin, kuma kalma guda takan zo da fassarori da dama masu karo da juna. A Ingila ma 'yan sanda da lauyoyi sukan nemi masu fassara musu sarar matasa a shari'o'in da saƙonni ko baitocin waƙa suka zama hujja. A ɗauka an sami "sai na kashe shi" a wayar wani. Tsakanin abokai biyu da ke shirin karawa a wasan ƙwallo, alkawarin cin ƙwallaye ne. Tsakanin mutum biyu da ke rigimar bashi, barazana ce da za ta iya kai mutum gidan yari. Mai fassara na gaskiya sai ya san wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, a wace shekara, a cikin wane rukuni, da abin da aka faɗa kafin nan da bayan nan. Ƙamus zai iya ba alƙali jerin ma'anoni, amma zaɓen wadda aka nufa a ranar sai an koma ga mutanen da ke magana da wannan bakin.